Da 'yan odit suka zo ƙirga buhunan Baba

Wani Baturkiye ne ya ja mana wannan aiki. Shekara huɗu muna tura mashi riɗi, bai taɓa maido mana da kaya ba, kuma bai taɓa riƙe mana ko kwabo ba. A daminar 2023 ya ce yana son ya riƙa ba mu rabin kuɗi tun kafin kaka, mu shiga kasuwa da ƙarfi mu tara mashi kaya. Sharaɗinsa ɗaya: bankinsa na son ganin lissafin kamfaninmu na shekara, ɗauke da sa hannun masu binciken kuɗi, wato 'yan odit, waɗanda bankin ya san sunansu. Ya turo jerin sunaye. Akantan da ke haɗa mana takardun haraji a Kano tun ina sakandare ba ya ciki.

Baba ya ce, "Wato shekara huɗu ta amana ba ta kai tambarin wani ba?" Na ce, "Baba, ba shi ba ne, bankinsa ne." Ya ce, "To, kai ka yi boko. Je ka ji da su."

Sana'armu riɗi ce da zoɓo. Wakilanmu na saye a kasuwannin Mai'aduwa, Mashi, Zango da Ɓaure, wani lokaci har Maigatari, a kawo sitonmu a nan cikin Katsina, inji ya tankaɗe riɗin, mata su tsince zoɓon, a ɗinke a loda sai Legas. Kamfani ne mai rajista, amma a gaskiya kamfanin yana cikin kan mutum biyu ne: Baba, da ƙanensa da muke kira Kawu, wanda ya fi shekara 30 yana riƙe da littafi. Ni na karanta harkar kasuwanci a kwalejin Hassan Usman, kuma kafin wannan aiki ina ganin na san lissafi.

Ga wanda bai san su ba, kamfanonin da ke cikin jerin nan su ne masu ofisoshi a ƙasashe sama da ɗari. Manyansu huɗu ne: Deloitte, PwC, EY da KPMG. A da biyar ne, sai Arthur Andersen ya rushe a 2002 bayan tonon asirin kamfanin Enron na Amurka, wanda shi ke duba mashi lissafi. A ƙasan waɗannan akwai irin su BDO, Grant Thornton da RSM. Wanda muka ɗauka yana cikin jerin da aka turo mana, amma ba zan kama sunansa ba, domin a abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi.

Ni na ɗauka kamar banki suke, hedikwata a Landan, reshe a Legas. Sai da na zauna na karanta takardar yarjejeniyar aiki, shafi 14 da ƙananan rubutu, na gane ba haka abin yake ba. Kun san gidan man da ke ɗauke da tambarin babban kamfani, alhali na wani Alhaji ne a gari? To kusan haka. Ofishin Najeriya mallakar abokan haɗin gwiwa ne 'yan Najeriya, kamfani ne mai zaman kansa a idon doka. Sunan kamfanin da tsarin aiki da manhajar kwamfuta ne suke samu daga uwar ƙungiya, ita kuma tana aiko masu duba ingancin aikinsu lokaci lokaci. Takardar ta faɗa ƙarara cewa in an yi maka kuskure, da ofishin Najeriya za ka yi shari'a, ba ruwan na ƙetare. Mai sa hannu ma akanta ne ɗan ƙasa, mai lambar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci da doka ta kafa tun 1965, da lambar hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa. Tarihin ma haka ya nuna: marigayi Akintola Williams, ƙwararren akanta na farko ɗan Najeriya, ya buɗe nasa kamfanin a Legas a 1952, daga baya aka haɗe shi da Deloitte. Ya rasu a 2023 ɗin nan da muke magana, yana da shekara 104. Da na yi wa Baba wannan bayani sai ya ce, "Ashe dai ɗan Legas za mu biya kuɗin Bature."

Kuɗin kuwa ya ninka abin da muke ba akantanmu na Kano sau bakwai, kuma wannan kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Abin da ban lura da shi ba sai da takardar biya ta biyu ta iso shi ne, tikitin jirgi, otal, abinci da motar da za ta yi yawo da su duk a wuyanmu suke. Yana cikin yarjejeniyar, layi ɗaya, ni ne na wuce shi da gudu. Duk mai niyyar ɗaukar su ya nemi a rubuta mashi iyakar wannan kuɗi tun farko. A shekara ta biyu na nema, kuma sun yarda ba tare da gardama ba, abin da ya ƙara mani haushin shekarar farko.

Ƙarshen Disamba suka sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, su uku: wata budurwa da ke jagorantarsu da samari biyu. Babu mai jin Hausa a cikinsu in ban da "sannu" da "na gode". Hunturu ya kankama, suka shigo sito da baƙaƙen takalma masu ƙyalli, kafin azahar sun koma kalar riɗi. Na yi zaton za su kalli tarin buhuna su karɓi adadin da Kawu ya faɗa. Ina! Budurwar nan ta sa aka rushe layi uku daga tsakiya, wai ta ga ko akwai rami a ciki. Ta zaɓi buhuna da hannunta aka ɗora a sikeli. Ta ce a kawo mata dutsen awo ta gwada sikelin kansa. Ta lura da wasu buhuna 60 a lungu masu alamar jan fenti, ta tambaya, aka ce ajiyar wani aminin Baba ce daga Daura, ta ce a fitar da su daga lissafi kuma a kawo shaidar cewa nasa ne. 'Yan dako suka sa mata suna "Hajiya Sikeli".

A nan na fara girmama su, domin ƙirgar ta nuna gibin buhu 83 tsakanin littafin Kawu da abin da ke ƙasa. Sito ya yi tsit. Kawu ya cire tabarau ya ce, "Ɗiyata, riɗi da kika gani yana shan iska." Na fassara. Abin da yake nufi kowane ɗan kasuwa ya sani: kayan da aka saya da ɗanyensa yana raguwa in ya bushe, inji kuma na fitar da ƙasa da ƙaiƙayi. Ta ce ta yarda, amma ina aka rubuta nawa ya shiga inji, nawa ya fito? Babu. Kawu na rubuta saye da sayarwa, tsakaninsu kuwa Allah ke tsarewa. Kwana biyu muka yi muna auna kaya kafin tankaɗe da bayansa, aka fitar da ƙiyasin raguwa, ya cinye mafi yawan gibin. Saura buhu 19 da ba su da bayani har yau. Ban zargi kowa ba, Baba ma ya ce a bar maganar. Amma tun daga ranar akwai littafi a bakin inji.

Inda suka kusa ɓata mana suna shi ne wasiƙun tabbatar da bashi. Al'adar aikinsu ce su rubuta wa bankunanka da waɗanda kake bi bashi, kowa ya amsa masu kai tsaye cewa adadin da ka faɗa gaskiya ne. Ga banki wannan ba komai. Amma mu waɗanda muke bi bashi wakilai ne da dillalai da muke ba kuɗin saye a hannu, mutanen da suka yi shekaru 20 da Baba ba a taɓa rubuta komai tsakaninsu ba sai a littafin Kawu. Aka buga wasiƙu da Turanci, da wurin sa hannu a ƙasa, aka ba direbanmu ya rarraba. Laifina a nan shi ne ban tsaya na yi tunani ba. Washegari da asuba wani dattijo daga Mashi ya iso ƙofar gidanmu, takarda a hannu, ɗansa ya karanta mashi. Ya ce wa Baba, "Alhaji, in kuɗinka kake so ai sai ka aiko yaro. Mi ya kai mu ga lauya?" Baba ya yi ta ba shi haƙuri, ya rakashi har mota. Da ya dawo bai ce mani komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Na kira budurwar na ce wannan hanya ba za ta yi ba. Ta ce sai ta tambayi manajanta, shi kuma sai ya tambayi na sama da shi. Kwana tara kafin amsa ta dawo cewa za su karɓi wata shaida: su ga kayan da kowane wakili ya kawo bayan ƙarshen shekara, wanda ya biya kuɗin da ke hannunsa. Ashe hanyar tana cikin ƙa'idojinsu tun asali. Da akwai mutum ɗaya a tawagar da ya taɓa zama a rumfar hatsi, da da ita za a fara. Wannan shi ne babban ƙorafina a kansu: suna karɓar aiki a Arewa, amma ba su turo wanda ya san yadda Arewa ke ciniki.

Haka maganar rasit. Shekarar 2023 ce fa, wadda aka yi canjin kuɗi a farkonta, takardar naira ta ɓace, muka riƙa tura kuɗi ta asusun masu POS da asusun yaran shago don a biya manoma. Suka ga miliyoyi sun fita zuwa sunayen da ba su cikin jerin masu kawo mana kaya, suka jera tambayoyi sama da 200 a takarda. Wata guda na yi ina bin alat ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba a nan, ko ni ne zan tambaya. Wani sitonmu ƙarami da ke wajen Jibiya kuwa cewa suka yi dokar ofishinsu ta hana su zuwa saboda tsaro. Nan ma ban ja ba, mu da muke garin muna duba agogo kafin mu hau wannan hanya. Muka kwaso kayan zuwa Katsina da kuɗinmu aka ƙirga.

Sai babbar magana, aljihun Baba. A wurin Baba kuɗin kamfani kuɗinsa ne, kuma ta wata fuskar gaskiyarsa, shi ya tara. Daga asusun kamfani ake biyan kujerar Makka ta gwaggo, kayan ɗakin ƙanwata, buhunan geron azumi da ake rabawa a unguwa, da zakka. Kawu na rubuta su duka a ƙarƙashin "hidima". Masu odit suka tsame su ɗaya bayan ɗaya suka buɗe wani shafi da sunan Baba, suka ce wannan bashi ne kamfani ke bin darakta. Ranar da na faɗa mashi muna zaune a zaure bayan la'asar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ni kamfanina ke bi bashi? Wane ne kamfanin? Kira mani shi in gan shi." Kan zakka ya fi jin zafi. Na ce ba su ce kada a fitar ba, cewa suka yi hukumar haraji ba ta lissafa ta cikin kuɗin gudanar da kasuwanci, don haka daga rabonsa za ta fita. Ya yi shiru, can ya ce ai dama zakka a kan mai dukiya take, ba a kan takardar rajista ba. Da wannan fatawa da ya ba kansa aka wuce wurin.

In za a tambaye ni abu ɗaya da ya biya kuɗin aikin, wannan ne. Shekara da shekaru ina son in faɗa wa Baba a raba aljihu biyu, bakina bai iya ba. Ɗa ba ya ce wa uba ya rage hannu. Baƙo mai tambari ya faɗa a rubuce, kuma aka ji. Mu 14 ne a gidanmu, ɗaki uku. Duk wanda ya ga yadda rabon gado ke watsa kasuwancin gidaje a garin nan ya san amfanin a ce yau ga takarda da ta bambance abin da ke na kamfani da abin da ke na Alhaji.

Wani wurin da iliminsu ya yi mana rana shi ne canjin dala. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma, shekara ta ƙare tana kusan 900. Muna bin Baturkiyen nan sauran kuɗin kaya da dala, don haka a takarda sai ga wata ƙatuwar riba da ba mu gani a hannu ba. Baba ya ce, "Ina take? A kawo in taɓa." Hankalina ya tashi, domin a lokacin kamfanin da cinikinsa ya wuce naira miliyan 100 a shekara kashi 30 na riba yake biya. Sashensu na haraji ya zauna da ni ta bidiyo, suka ware ribar da ta shigo hannu da wadda ke kan takarda kawai, suka nuna mani cewa ta biyun ba a biya mata haraji sai ranar da kuɗin ya shigo. Suka kuma tono rasit na harajin da wasu kamfanonin Legas suka riƙa cirewa daga kuɗinmu tun shekarun baya, wanda ashe ana iya rage shi daga abin da za mu biya, ba wanda ya taɓa bin sawunsa. Wannan shawara kuɗinta daban, kada wani ya ɗauka kyauta ce. Amma ta maido da abin da aka kashe mata har da ƙari.

Abin da ba za su yi maka ba shi ne rubuta littafinka. Na roƙe su su gyara mana lissafin gaba ɗaya tunda sun fi mu iyawa, suka ce wanda ya rubuta ba ya duba kansa. Dole muka ɗauki wani yaro mai shaidar akanta muka zaunar da shi kusa da Kawu. Watan farko ba sa ga maciji, yanzu tare suke cin tuwo.

Rahoton ya fito a watan Mayu, mako shida bayan ranar da suka yi alkawari, ana saura kaɗan wa'adin wata shida na miƙa takardun haraji ya cika. Kuma bai fito fes ba. Sun rubuta cewa lissafin ya nuna gaskiyar halin kamfani, in ban da kayan da aka buɗe shekara da su, domin ba su halarci ƙirgar Disambar 2022 ba, ba kuma wata shaida da za ta maye gurbinta. Na yi fushi sosai. Na ce tun ranar farko sun san ba su nan a 2022, me ya hana su gaya mani cewa wannan togiya na tafe? Babban mai sa hannun, wanda sau ɗaya tak na ga fuskarsa, ta bidiyo, na minti 20, ya ce an ambata a taron farko. Wataƙila an ambata, da irin Turancinsu. Ban roƙe shi ya cire ba, na ga alamar ko na roƙa ba zai cire ba, kuma daga baya na fahimci cewa wannan taurin kai shi ne abin da bankin Turkiyya ke saye. Bankin ya karɓi rahoton da togiyarsa, ya rage adadin da aka yi niyya da kashi ɗaya cikin uku, ya ce sauran sai an ga na shekara mai zuwa.

Tare da rahoton sun ba mu wata doguwar wasiƙa ta gyare-gyare, abu 27. Wasu masu amfani ne ƙwarai: kada wanda ke riƙe da makullin sito ya zama shi ke rubuta fitar kaya, a daina sa hannu a cek ba adadi, a yi wa kaya inshorar gobara. Wasu kuwa ka san daga wani kamfanin Legas aka kwafo su, har da shawarar mu kafa kwamitin kula da haɗurra mai zama sau huɗu a shekara. Kawu ya ce kwamitin ai shi ne shi da Alhaji bayan sallar isha'i.

A shekara ta biyu mun sake ɗaukar su, aikin ya zo da sauƙi, rahoto ya fito ba togiya, Baturkiye ya cika alkawari. Sai dai ko mutum ɗaya daga tawagar farko bai dawo ba. Hajiya Sikeli, an ce, ta tafi Kanada. Sababbin yara suka zo na sake koya masu mene ne tiya, mene ne la'ada, me ya sa riɗi ke shan iska, kuma ana cajin mu kuɗin awannin da suke koyo.

Masu tambayata a kasuwa ko su ma su ɗauko irinsu, ina tambayarsu wa ya nema. In banki ne na waje, ko mai zuba jari, ko mai saye da zai ba ka dala kafin kaya, to ba makawa, ka shirya littafinka shekara guda kafin su zo, kuma ka gayyace su ƙirgar kaya tun Disambar da ta gabaci shekarar da za su duba. In kuwa takardar shaidar biyan haraji kawai kake so don neman kwangila a sakatariya, akwai ƙwararrun akantoci masu lasisi a Katsina da Kano da za su yi maka aiki mai kyau da kaɗan daga wannan kuɗi, kuma za su ɗauki wayarka ranar Asabar. Ƙaramin kamfani ma, wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 ba kuma dukiyarsa ba ta wuce miliyan 60 ba, dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tilasta mashi naɗa mai odit ba. Mu kanmu mun maida aikin harajin wata wata ga akantanmu na Kano, musamman yanzu da sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 suka sa kowa na neman wanda zai zauna da shi ya yi mashi bayani da Hausa. Binciken shekara kaɗai muka bar wa masu tambari.

Makon jiya Baba ya shigo ofis yana son naira dubu 200, za a kai gudummawar biki Daura. Yaron akanta ya miƙa mashi takardar fitar kuɗi da biro, hannunsa na rawa. Baba ya karanta, ya sa hannu, ya dube ni ya ce, "Ka gaishe mani da kamfani. Ka ce mashi na gode da rance."